Bakwai Saura Kwata

Zuwa ga ɗan kawuna, Yaya Agogo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatan garejinka. Ya gwiwar nan taka? Ni lafiya lau nake, in ban da murar da na'urar sanyaya ofis ta manna min. Inna ta yi waya daga gida jiya, ta ce a gaishe ka, ta ce mai ɗakinka da yara duk ƙalau.

Bayan haka, kar ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Layin waya a garinku yau akwai gobe babu, kuma ko akwai, ba kowace magana ake yi a kansa yanzu ba. Direban motar magunguna da ke zuwa asibitinku duk mako amintacce ne. Shi zai riƙa kai maka, shi zai riƙa karɓo min amsa.

Ka san aikina a ofishin jakadancinmu, wanda kake kira aikin hana bayin Allah sakewa. Ni ke riƙe da rajistar 'yan ƙasarmu da ke zaune a ƙasar nan, don a san inda kowa yake idan abu ya ɓaci. A bangon ɗakina akwai taswira, kowane mutum da 'yar ƙusarsa a jiki. Garinku ƙusa arba'in da uku ne. Ya kamata su zama arba'in da huɗu, amma akwai wani mai taurin kai da shekara uku ke nan ina aika masa fom yana goge baƙin mai da shi. Ga wani nan na sako. Ka cike shi, don Allah.

Babbar maganar ita ce wannan. Ka ji dai an fara ɗauke baƙi masu sana'a a yankinku, mutum biyu cikin wata ɗaya. Masu yin abin ba a makance suke yi ba, zama suke su karanci mutum: yaushe yake fita, ina yake bi, ina yake tsayawa. Saboda haka ina roƙonka ka canza lokacin fitarka, ka canza hanyarka, kada yau ta yi kama da jiya. Ka kuma haɗa 'yar jaka da fasfo da maganinka da kaya kala biyu ka ajiye a bakin ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba zan iya rubuta fiye da haka ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ƙanwarka, 'yar gwaggonka.

*

Zuwa ga taubashiyata, Hajiya Kar-ka-yi,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda, na ji daɗi ƙwarai. Gwiwa da sauƙi, sai in hadari ya haɗo take tuna min da shekaruna. Murarki kuwa Allah ya ƙara sauƙi, amma wanda ya zauna a ɗakin da ba taga yana soka wa mutane ƙusa, ai mura ma ta yi masa adalci. A gaida Gwaggo in ta sake kira.

Ashe har yanzu ba ki canza ba. Kina 'yar shekara shida kina bin mu a baya, kar ka hau bishiya, kar ka shiga ruwa, zan faɗa wa Kawu. Yanzu an ba ki ofis ana biyanki a kan halinki. Allah mai iko.

Ga fom ɗinki na cike, ki yi haƙuri da ɗan yatsan baƙin man da ke gefe, shi ne hatimina. Ki soka ƙusarki ki huta.

Maganar canza lokaci kuwa, ki bar ta. Kawunki, Allah ya ji ƙansa, abu biyu ya bar min: agogon da ke hannuna, da cewa mai gyara ba ya sa a jira shi. Shekara goma sha tara ina gyaran janareta a garin nan, ba ranar da aka zo bakin garejina ƙarfe bakwai aka tarar da kwaɗo. Bakwai saura ashirin da biyar nake tayar da farar motata. Saura ashirin ina wajen mai burodi, ba ma sai na sauka ba, miƙo min yake ta taga. Saura kwata ina kan gada, inda dole in taka birki saboda ramin nan da hukuma ta manta da shi. Bakwai daidai na murɗa makulli. Matar da ke share bakin kantin magani ta ce da wucewata take sanin lokacin tura 'ya'yanta makaranta. Yanzu so kike in sa yaran mutane makara?

Kuma ni baƙo ne a bakin wa? Wutar asibitin garin nan ni ke riƙe da ita, haka gidan burodi da injin ruwa. Mai waldar garejina ɗan garin nan ne, tare muka kafa rumfar farko, ya girme ni da shekara biyar amma har yau maigida yake ce min, 'ya'yansa baffa suke kirana. Na karanta masa takardarki, ya yi dariya har da tari, ya ce wanda zai sace ni kwana ɗaya zai dawo da ni saboda mita.

Ku can babban birni kuna zaune bayan katanga da wayar ƙarfe, komai ya motsa ku ce dodo ne. Mu nan muna cikin mutane. Jaka kuwa zan duba, in na sami wadda zif ɗinta ke aiki.

Naki, yayanki ko kin ƙi ko kin so.

*

Yaya,

Ina fatan kana lafiya.

Na karanta takardarka sau ɗaya na sa ta a injin yayyaga takardu. Na ce maka ana karanta mutane, sai ka zauna ka rubuta min tafiyarka minti da minti, har da inda kake taka birki, ka ba direban da ke ratsa shinge bakwai kafin ya iso nan. Da wani ya buɗe ambulan ɗin, ai ka hutar da shi zaman bakin titi. Wallahi ban san ko in yi kuka ko in yi dariya ba.

Wutar asibiti ba ta kare kowa ba. Mutumin farko da aka ɗauke rijiyoyi yake haƙa wa ƙauyuka, kowa ma yana son sa. Ba ƙiyayya ke jawo abin ba, sauƙin kamu ne, kuma a duk mutum arba'in da huɗun da ke kan taswirata babu mai sauƙin kamu irinka.

Tunda maganar ƙanwa ba ta shiga kunnenka, ga ta ofis. Daga ranar da takardar nan ta same ka, kada ka sake kasancewa a kan gadar nan da bakwai saura kwata. Kada ka fita lokaci ɗaya kwana biyu a jere. Wannan umarni ne, ba shawara ba. Kada ka tambaye ni dalili, akwai abin da aikina bai yarda in sa a takarda ba.

Kuma i, na faɗa wa Inna, ita kuma za ta faɗa wa mai ɗakinka. Ka kira ni Kar-ka-yi har ka gaji.

Jami'ar tsaro, ƙanwarka.

*

Zuwa ga Jami'ar Tsaro, ranki ya daɗe,

Gaisuwa irin ta talaka zuwa ga hukuma. Ina lafiya, tunda layi ɗaya kika ware wa lafiyar tawa. Ban san ofis yana cinye gaisuwa ba sai a kanki.

Na ji zafin takardarki, ba zan ɓoye miki ba. Ni na goya ki a kafaɗa na kai ki makaranta ranar farko, yau ke ce ke min umarni, kina cewa kar in tambayi dalili, kamar wani sabon ɗan aiki. Kwana biyu na yi ina cika ina batsewa. Sai layi ya dawo na 'yan mintoci, kiran farko na uwar yara ne, tana kuka, babbar 'yata kuma tana gefe tana cewa Baba ka ji maganar Anti. Kin san inda ake kama ni, kin kuma kama.

To, na bi umarni. Ran Laraba takwas da rabi na fita, na bi ta bayan kasuwa a ƙafa. Ran Alhamis shida da kwata, wani maƙwabci ya rage min hanya a babur. Jiya sai tara, ina tafe ina sunkuyar da kai kamar wanda ya yi sata, mai burodi yana tambayata ko ba ni da lafiya. Gadar ko kallonta ban yi ba.

Amma ki ji dabara irin ta manya. Gareji bai yi laifin komai ba, kuma masu kawo gyara ba za su tsaya suna jiran tsoron wata ba. Sai na ba mai walda makulli da farar motar, ya riƙa kwana da ita a gidansa, wanda ke layi biyu da nawa. Shi ke tayar da ita a kan lokaci, ya karɓi burodi, ya buɗe ƙofa bakwai daidai. Har tsohuwar rigar aikina na ba shi don tasa ta yage, yana ta taƙama a ciki. Kin ga ke kin samu abin da kike so, ni sunana bai ɓaci ba, yaran mai shara ba su makara ba. Kowa ya huta.

Jaka tana bakin ƙofa, na ɗaure ta da waya saboda zif.

Mai biyayya, Agogon da aka tsayar.

*

Yaya,

Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da mai walda. Allah ya sa ba ta makara ba.

Takardarka kwana takwas ta yi a hanya saboda an rufe titi, yau da safe ta iso. Na karanta a tsaye, na kai wurin dabararka sai na ɗauki waya. Na gwada layinka sau goma sha ɗaya, babu. Na roƙi direban ya juya yau ɗin nan maimakon jibi, ya yarda.

Ka ajiye motar nan. Ka ajiye ta yau, ka rufe ta da tamfol, kada kowa ya sake tayar da ita. Ka karɓe rigar.

Zan faɗa maka abin da aka hana ni faɗa, komai zai same ni ya same ni. Wata guda da ya wuce jami'an ƙasar nan sun kama wani mutum, suka nuna wa ofishinmu abin da ke cikin wayarsa, da sharaɗin kada ya fita daga ɗakin. Akwai hotuna uku na farar mota a kan gada, safiya uku daban-daban, tana rage gudu a bakin rami. Ƙarƙashin kowane hoto an rubuta lokaci. Fuskar direba ba ta fito ba, hasken gilashi ya rufe ta. Na gane motar da lotsewar da ke ƙofar baya.

Ba fuskarka suka sani ba, Yaya. Motar suka sani, da gadar, da lokacin. Duk wanda ke cikinta da bakwai saura kwata, a wurinsu kai ne.

Ka aiko min ko da layi ɗaya ne ta hannun direban nan. Ba zan iya komai ba sai na ji.

Ƙanwarka.

*

'Yar Gwaggo,

Ina lafiya. Jikina dai lafiya.

Takardarki ta zo ran Laraba. Abin ya faru ran Litinin.

Ina gida ina jiran takwas ta yi, ina kallon agogo kamar wawa, sai mai burodi ya faɗo min ba sallama. Muka ruga gada. Motar tana bakin ramin, ƙofa a buɗe, inji yana aiki, burodi yana kan kujera, takalminsa ƙafa ɗaya a kan kwalta. Masu wucewa suka ce mutum huɗu ne a wata baƙar mota, ko minti ɗaya ba su yi ba. Ni na kashe injin da hannuna.

Na je wurin 'yan sanda, sun rubuta a littafi, sun ce in je za a neme ni. Na koma sau huɗu, na huɗun mai littafin ma ba ya nan. Matarsa kullum tana zuwa ta zauna a kan benci bakin gareji da 'yar autarsu. Ba ta zage ni ba. Da ma zagina take yi.

Na san dabarata ce. Ni na miƙa masa makulli, ni na sa masa rigata, har ina rubuta miki ina yabon kaina. Wannan zan ɗauke shi har kabari, ba sai an tuna min ba.

Amma ke ma ki tsaya ki ji. Wata guda kin san da hoton motata, kin riƙe a cikinki. Kika rubuta min ka canza, ka kiyaye, kada ka bi, kada ka tambaya. Ka, ka, ka. Kalma ɗaya ba ki ce a kan motar ba. Ni makanike ne, in aka ce min ga inda ya lalace nan nake gyarawa. Kika ce ni ne matsalar, na cire kaina. Da kin ce min mota ce, da tuni na zare mata taya huɗu na ɗora ta kan bulo. Kin san ni, kin san ba zan bar gareji a rufe ba, me kika zaci zan yi? Kin tsare sirrin ofis, madalla, ga shi nan ya tsaru.

Yanzu ga abin da nake nema. Kuna da jakada, kuna da motoci masu tuta, kuna shan shayi da manyan jami'an ƙasar nan. Ku nemo min shi. Yana da hawan jini, kuma maganinsa yana cikin aljihun motar, na gani.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka jaje, kai da iyalin mai walda. Ka ce wa matarsa akwai wata a nan da ba ta daina yi masa addu'a ba.

Ba zan kare kaina ba. Na sake karanta kwafen abin da na rubuta maka, gaskiyarka ne. An koya mana mu faɗa wa mutum abin da zai yi ba tare da mun faɗa masa abin da muka sani ba, na kuwa bi koyarwar tiryan-tiryan. Na manta wanda nake rubuta wa. Da zan iya cewa ka ajiye motar ba tare da na ambaci hoto ba, kalma uku ce, amma kaina yana kanka ne kawai, ban ga kowa a bayanka ba.

Na shiga wurin shugaban sashenmu da takardarka a hannu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Mutumin nan ɗan ƙasarmu ne?" Na ce a'a. Ya ce, "Yana cikin rajista?" Na ce motar ɗan ƙasarmu ce, rigar ɗan ƙasarmu ce, a madadin ɗan ƙasarmu aka ɗauke shi. Ya ce ya ji, amma ofishin jakadanci ba ya tsoma baki a kan ɗan ƙasar da yake baƙunta. Na fito kamar in fasa ƙofar. Abin da na iya shi ne na kai sunansa da hotonsa da sunan maganinsa, waɗanda direba ya kawo min, ga jami'an da suka nuna mana wayar, kuma kullum sai na kira su har sun fara ƙin ɗauka. Na kuma gaya wa shugaban da bakina cewa na faɗa maka maganar hotunan. An buɗe min fayil na ladabtarwa, ba komai.

Ga abin da ya rage. An yanke shawarar kwashe 'yan ƙasarmu daga garinku. Motoci za su zo da rakiyar jami'ai, ni ma ina ciki. Direba zai faɗa maka rana da wuri da baki. Da zarar mutanen nan sun gane ba kai suka kama ba, kai za su nema, kuma wannan karon da suna. Zamanka ba zai dawo da shi ba.

Motocin ba sa jiran kowa. Shekara goma sha tara ba ka makara ba, Yaya. Sau ɗaya tak nake roƙon ka zama Agogon da na sani.

Ƙanwarka.

*

Yaya,

Ban san ko kana lafiya ba, don haka ban san yadda zan gaishe ka ba.

Mun iso babban birni jiya da yamma, mutum arba'in da uku, kowa lafiya. Na san adadin don sau biyar na ƙirga.

Ina filin makarantar da aka ce a taru tun shida da rabi da takardar sunaye a hannu. Malaman jinya suka zo, masu shaguna suka zo, har tsohon nan mai sayar da taya da ya rantse ba inda za shi ya zo da buhunsa. Bakwai saura kwata na fara kallon ƙofa. Bakwai daidai shugaban rakiya ya ce a tafi. Na ce saura mutum ɗaya, kuma wannan mutumin bai taɓa makara ba a rayuwarsa. Ya ba ni minti biyar. Na cinye biyar ɗin, na ƙara shida da ba a ba ni ba, ina tsaye gaban motar farko don kada ta motsa. Mutum arba'in da uku a fili, da yara a ciki, ni da nake koya wa mutane cewa tsayuwa wuri ɗaya ita ce haɗari. Bakwai da minti goma sha ɗaya wata mata ta leƙo ta taga ta ce, "Baiwar Allah, mu ma muna da 'yan uwa." Sai na shiga.

An ce min garejinka tafiyar minti goma ce daga filin. Na zo har garinku, ban gan ka ba, ban kuma isa in taka ƙafa waje ba. Kujerarka tana kusa da tawa, ba wanda ya zauna a kai har muka iso.

In fushi kake da ni, ka yi, na cancanta. Amma uwar yara ta kira sau bakwai, me zan ce mata? In kuma ba fushi ba ne, to ban san mene ne ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Na cire ƙusoshin garinku duka yau da safe, saura ɗaya.

Direba ya ce zai sake shiga saboda asibiti. Ka ba shi ko da takarda ce ba rubutu, in dai akwai ɗan yatsan baƙin mai a jiki.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina nan da raina da lafiyata. Ki kira uwar yara kafin ki ƙarasa karanta wannan, ki ce mata na ce ta yafe min.

Ba fushi ba ne. Ranar na shirya tsaf, jaka a hannu, shida da ashirin na fito. Sai na ce bari in bi ta gareji in ba matar mai walda takardun wurin, tunda ita da 'ya'yanta zan bar wa. Na sha kwana ke nan na hango mutum zaune a ƙasa ya jingina da ƙofar, ba takalmi, da rigata a jikinsa. Sun gane ba ni ba ne tun ranar farko. Sauran kwanakin tambayarsa suke ina nake kwana, wa ke ɓoye ni. Da suka gaji suka yar da shi a bayan gari, ya tako da ƙafa. Bai wuce gida ba, gareji ya nufo, wai kada a tarar da kwaɗo. Makullin yana aljihunsa, amma ya kasa murɗawa, sun karya masa yatsu huɗu na hannun dama. Hannun da yake walda da shi.

Ya ɗago ya ce, "Maigida, ban faɗa musu ba." Ya kuma ce, "Ƙarfe nawa?"

Na duba. Bakwai saura kwata. Na san kina filin, na san minti goma ne. Na ajiye jakar na goya shi zuwa asibiti, da gwiwar tawa da komai. Ina riƙe da kansa ana ɗaure masa hannu na ji ƙarar motocinku suna fita gari. Rana ta farko ke nan da na makara, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. Minti goma sha ɗayan da kika tsaya kuwa, ban san da me zan biya ki ba. Maganar da na yaɓa miki a waccan takardar, rabinta tawa ce na ɗora miki.

Likita ya ce zai rayu, amma walda sai dai ya koya wa wani. Na sa hannu gareji ya zama nasu, babban ɗansa zai riƙe. Farar motar tana kan bulo. Allon da ke cewa ana buɗewa ƙarfe bakwai na shafe shi da fenti. Ba na kwana wuri ɗaya sau biyu, kuma ba zan rubuta miki inda nake ba, direba ya san wanda zai tambaya. Kin ga na koya, ko da yake karatun ya yi tsada, kuma ba ni na biya ba.

Direba ya ce wataƙila a sake turo mota ɗaya saboda ma'aikatan kamfanin ruwa, wataƙila kuma a'a. In za a turo, ki sa sunana. Kada ki faɗa min rana, kada ki faɗa min lokaci. A ƙwanƙwasa kawai, jaka tana hannuna.

Za ki ji ambulan ɗin nan da nauyi. Agogon kawunki ne. Tun da na cire shi hannuna yake min wani iri, ina ta duba fata. Ana murɗa shi kowace safiya, sau goma sha biyu, kada ki wuce. Ba kyauta na ba ki ba, ajiya ce. Ki bar ƙusar nan a inda take, ki riƙe min agogon, zan zo in karɓa da kaina.

Yayanki.